Halittar da yunwa ke yawo da ita a kan ruɓaɓɓen icce

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan shafi namu na wasiƙu in yi magana a kan wata halitta da ake kira fumfuna mai yauƙi, abin da nasan wasu zasu ce to wannan kuma me ya kawo shi, ana fama da abin da ake fama da shi wani na zancen majinar icce. A yi min haƙuri dai, abin ne ya tsaya min a rai.

Akwai wani tsohon kututture da nake wucewa ta kusa da shi kullum, ya ruɓe har ya fara marmashewa, to wata safiya bayan an kwana biyu ana ruwa sai na ga wani abu ruwan ɗorawa malale a gefensa kamar an fasa ƙwai an watsa, ga wasu jijiyoyi-jijiyoyi sun fita daga jikinsa kamar saiwa. Na tsuguna na duba, ba wari ba komai, sai ɗan ƙyalli na danshi. Ban san me ya sa ba sai na ɗauki tsinke na soka a daidai bakin abin na tafi. Washegari da na dawo, Malam Edita, tsinkena na nan inda na bar shi amma abin ya matsa gaba kusan tsawon tafin hannu, ya bar wani farin sawu mai yauƙi a baya irin na dodon koɗi. Waɗanda na nuna wa kowa da abin da ya faɗa, wani yace aman kare ne, wani yace naman kaza ne mai guba kar yara su taɓa, wani kuma yace cuta ce a zuba mata fetur kafin ta kama itatuwa masu rai. Bayan kwana biyu ma abin ya tsaya ya bushe ya koma wani ɓawo, da na taɓa shi da tsinke sai ƙura mai duhu ta tashi. Tun daga ranar nake bin diddigin wannan halitta, kuma abin da na fahimta shi ne duk siffar da ka gan ta a ciki, cikinta ne ya sa ta, wato ko tana ƙoshe ko tana jin yunwa.

Sunan da aka fi saninta da shi in an fassara shi ne fumfuna mai yauƙi, sai dai sunan nan yaudara ne, kama da wane ai ba ta wane. Ba fumfuna ba ce, ba naman kaza ba ce, ba tsiro ba ce kuma ba dabba ba. An daɗe ana ajiye ta a layin su naman kaza saboda tana fitar da ƙurar iri kamar yadda suke yi, har sai da wani Bajamushe mai suna Anton de Bary ya zauna ya bi rayuwarta daga farko, a 1859 ya raɗa musu suna Mycetozoa wanda ma'anarsa ita ce dabbar fumfuna, don shi kanshi ya ga abin ya ƙi zama a gida ɗaya kamar jemage. Yau masana sun sa ta a dangin amiba, irin ƙananan halittun nan masu ƙwayar halitta ɗaya tal da ba su da tsayayyar siffa. Kuma in kana son bambancin a taƙaice to ka dubi yadda kowa ke cin abinci. Fumfuna ta gaskiya ba ta motsi daga inda take, zare take turawa cikin abu ta zuba mai sinadarin narkarwa daga waje sannan ta tsotse ruwan, shi ya sa take ruɓar da icce da burodi da fata. Ita kuwa wannan tafiya take yi ta je ta tarar da abincinta ta lulluɓe shi da jikinta ta haɗiye ta narkar da shi a ciki. Ba icen take ci ba, bakteriya da yis da ƙurar irin fumfuna da ke zaune a kan icen su take farauta. Wato mafarauciya ce, kututturen kuma dajinta.

Asalinta daga ƙwayar iri take farawa, 'yar mitsitsiya wadda ido ba ya gani, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, iska ke ɗaukar ta. In ta faɗi wuri mai danshi sai ɓawon ya tsage wata 'yar amiba ta fito ta fara rarrafe tana haɗiyar bakteriya, in ta ƙoshi ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, haka dai. Abin da ya ba ni dariya shi ne in ruwa ya yi yawa a wurin sai ta fito da wutsiya, yawanci guda biyu doguwa da gajera, ta koma iyo, in ruwan ya janye ta mayar da wutsiyar ta ci gaba da rarrafenta kamar ba ita ba. In kuma wurin ya bushe ƙayau ko abinci ya ƙare sai ta dunƙule ta yi wa kanta ɓawo ta kwanta barci har sai an sake ruwa. A wannan mataki suna nan birjik a cikin ƙasa da ƙarƙashin busassun ganye, muna taka su kullum ba mu sani ba.

Abin da muke gani da ido yana farawa ne in amiba biyu da jininsu ya haɗu suka gamu suka narke suka zama ɗaya. Su ba namiji da mace gare su ba, jinsin aure ne iri-iri, a nau'in da aka fi bincike a kai wato Physarum polycephalum an ƙiyasta sun kai 720, saboda haka samun abokin haɗuwa ba wuya. To daga nan ne abin mamakin yake. A jikina da naka in ƙwayar halitta zata ƙaru cibiyarta ce, wato ɗan ƙullin da ke cikinta mai ɗauke da bayanan gado, ke rabuwa biyu sannan ita ma ƙwayar ta rabu, kowa ya kama gabansa da bangonsa. Ita wannan cibiyar ce kawai ke rabuwa, jikin baya rabuwa, sai dai ya yi ta faɗi. Kuma cibiyoyin duk a lokaci guda suke rabuwa kamar an buga musu ƙararrawa, kusan duk awa 8 zuwa 10. Ka yi lissafi da kanka, in abu yana ninkuwa sau 20 ya haura miliyan, kuma sau 20 ɗin nan mako guda ne da 'yan kai in akwai abinci. Saboda haka malalen nan da na gani mai faɗin faranti ƙwayar halitta ɗaya ce jal, mai miliyoyin cibiyoyi suna yawo a cikin ruwa guda ba katanga a tsakaninsu. Masana suna kiran wannan mataki plasmodium, kuma nasan duk wanda ya taɓa karanta takardar gwajin jini gabansa zai faɗi don sunan ƙwayar cutar maleriya kenan, to suna ne kawai ya zo ɗaya, ba dangin iya ba na baba, wannan ba ta sa zazzaɓi.

Yadda take tafiya ba ƙafa ba tsoka irin tamu shi ma abin kallo ne. Jijiyoyin nan da na faɗa bututu ne, bangonsu yana matsewa yana saki, kuma sinadaran da ke wannan aiki irin waɗanda ke cikin tsokar mutum ne, actin da myosin. In bango ya matse sai ruwan ciki ya ruga gaba, bayan kamar minti ɗaya sai ya tsaya ya juyo baya, sannan ya sake komawa, haka dare da rana. Gudun ruwan yana iya kai milimita ɗaya a daƙiƙa wanda a duniyar ƙwayoyin halitta gudu ne na fitar hankali. Sirrin shi ne wanda ke zuwa gaba ya ɗan fi wanda ke dawowa yawa, to wannan ɗan rarar ita ce tafiyar. Yawanci ba ta wuce santimita ɗaya a awa, amma in yunwa ta ciyo ta tana iya yin har 4. Gaban nata a baje yake kamar mafici yana lalube, bayan kuma jijiyoyi ne masu kauri da ke jigilar abin da aka samo. Duk inda gefenta ya ɗanɗano abinci sai bugun wurin ya ƙara sauri, ruwa ya fi kwarara can, jiki ya bi. Duk inda ta ji haske mai ƙarfi ko gishiri ko bushewa sai bugun ya ragu ta janye. Ba wani shugaba a ciki da ke ba da umarni, kowane gefe yana bugun nasa ne, wanda ya fi ƙarfi ya ja sauran.

Kuma ba komai ta samu take afka wa ba, tana da zaɓe. Wata Bafaranshiya mai bincike, Audrey Dussutour, da abokan aikinta sun gwada a 2010, suka jera mata abinci kala-kala wani furotin ya fi yawa wani sitaci da sukari, sai ta riƙa miƙa hannu wurin wanda ya ba ta kusan kashi biyu na furotin kashi ɗaya na sitaci, in kuma babu mai wannan haɗin sai ta kama guda biyu lokaci guda ta ɗebi nan ta ɗebi can har lissafin ya daidaita. Mu da ke da ƙwaƙwalwa da likitoci ma ba mu cika iya wannan ba. A daji kuwa akwai nau'in da har naman kaza mai laushi da ke fitowa a jikin icce yake hawa ya cinye, irin su Badhamia utricularis.

Nasan wasu masu karatu sun taɓa cin karo da labarinta a intanet ana cewa ga halitta mara ƙwaƙwalwa da ta fi injiniyoyi basira, to bari in faɗi abin da ya faru da kuma inda nake ganin an zuzuta. A shekarar 2000 wani ɗan Japan, Toshiyuki Nakagaki, ya gina ɗan akwati mai lungu-lungu da hanyoyi masu ɓatarwa, ya sa ta a ciki ta bazu ta cika ko'ina, sannan ya ajiye abinci a ƙofa biyu. Cikin kamar awa 8 ta janye jikinta daga duk lungun da ba ya ɓullewa, ta bar jijiya ɗaya mai kauri a kan hanya mafi kusa tsakanin abincin biyu. A 2010 kuma shi da Atsushi Tero da sauransu suka zana taswirar yankin Tokyo, suka ɗora ɓarzajjen hatsin ot a wurare 36 da ke matsayin garuruwan kewaye, suka haska fitila a inda duwatsu da teku suke tunda ba ta son haske, suka sake ta daga tsakiya. Kwana ɗaya da 'yan awoyi sai ga jijiyoyinta sun haɗa wuraren da tsari mai kama da layin dogon yankin, wajen tsawo da kuma samun hanyar ratse in wata ta yanke. Har kyautar Ig Nobel suka samu sau biyu, 2008 da 2010, kyautar nan ta binciken da ke sa mutum dariya kafin ya sa shi tunani.

To ni a ganina ba sai an ce tana tunani ba kafin abin ya burge. Dokar mai sauƙi ce, bututun da ruwa ya fi bi sai ya ƙara faɗi, wanda ruwa ya rage bi sai ya tsuke har ya ɓace, kamar dai yadda turba ke fitowa a fili, inda ƙafa ta yawaita ciyawa ta mutu, inda aka daina bi ciyawa ta rufe. Hanya mafi kusa tsakanin abinci biyu ita ruwa ya fi bi, shi kenan. Ba ta san Tokyo ba, ba ta san jirgi ba, hatsi take nema kuma ba ta son ɓarnar jiki a inda ba riba. A ƙarƙashin ganye ma abin da take yi kenan tun fil azal ba mai ɗaukar ta hoto.

Yauƙin nan ma da take bari a baya ashe ba ƙazanta ba ne, alama ce. Masu bincike a jami'ar Sydney ta Ostareliya, su Chris Reid, sun nuna a 2012 cewa in ta taɓa tsohon yauƙinta sai ta kauce, don ta san ta riga ta share wurin ba sauran abinci. Suka sa mata tarko mai siffar kofaton doki, abinci na bayansa tana jin ƙamshinsa amma dole sai ta ja da baya ta kewaya. A kan faranti mai tsabta kusan dukansu suka kewaye suka isa, amma da aka shafe farantin gaba ɗaya da yauƙi sai ta rikice, kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai. Wato tunaninta a ƙasa take rubuta shi, ba a kai ba. Sannan a Toulouse ta Faransa a 2016 an sa mata gada da aka shafa wa kwinin ko sinadarin kofi, abu mai ɗaci amma ba mai kisa ba, abinci na tsallake. Ranar farko da ƙyar ta haye tana ɗari-ɗari, kafin kwana 6 ta saba tana wucewa abinta, da aka bar ta ta huta kwana biyu kuma sai ƙyamar ta dawo. Da suka maimaita da gishiri sai suka ga in wadda ta saba ta haɗe da wadda ba ta saba ba na kamar awa 3, ita ma baƙuwar sai ta daina tsoron gishirin. Wannan kam ni ma ya ɗaure min kai. Saboda irin haka ne gidan namun daji na Paris ya baje kolinta a 2019, a 2021 ma har tashar sararin samaniya aka kai ta.

Amma mu dawo daji, don can ne gidanta. Me ke faruwa in abinci ya ƙare? Hanya biyu gare ta. In bushewa ce ko sanyi ya zo mata ba shiri sai ta tattara kanta ta ƙafe ta zama wani ɓawo mai tauri, ta zauna haka wata da watanni har shekara da ɗoriya, ranar da ruwa ya taɓa ta cikin 'yan awoyi ta farka ta ci gaba da neman abinci. In kuwa yunwa ce ta kai mata karo kuma ta samu haske, to sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ita da kullum take gudun haske tana ɓuya a ƙarƙashin ɓawon icce sai ta fito fili ta hau wuri mai tudu mai iska, saman kututture ko tsinken ciyawa, a dare ɗaya jikin nan gaba ɗaya ya rikiɗe ya zama 'ya'ya masu ɗauke da ƙurar iri. Daga nan babu komawa, ita ta ƙare, sai iri. Shi ya sa mutane ke cewa daga sama ta faɗo, alhali ta daɗe a wurin tana kiwo a ɓoye, ranar da ka gan ta a fili ranar ban kwana ce. Irin kuma yana da juriya, an sha tsirar da wanda ya yi gomman shekaru a ajiye.

'Ya'yan nan su ne ake bambance nau'o'in da su, kuma an san kusan 1,000. Yawancinsu milimita ɗaya ko biyu ne, sai ka sa madubin ƙara girma zaka ga kyansu, wasu kamar ƙananan fitilu a kan sanda, wasu na ƙyalli kamar wuyan tattabara. Stemonitis kamar tufkar gashi mai ruwan ƙasa take a tsaye a kan siraran ƙafafu baƙaƙe, kuma an samu irinta a cikin daskararren ƙaro daga ƙasar Myanmar mai shekara wajen miliyan 100, siffarta ba ta canza ba. Lycogala kuma ƙananan ƙwallaye ne ruwan hoda, in ka huda ɗanye wani ruwa mai kauri ya fito. Wadda na gani nake kyautata zaton Fuligo septica ce, ita ce mai yin dunƙule guda babba, a ƙasashe da dama aman kare ake ce mata, ashe mutumin da ya faɗa min haka bai yi nisa da sunan ba. Tun 1727 wani Bafaranshe Jean Marchant ya bayyana ta a kan ɓawon itacen da majema ke jima da shi. Ita ce kuma ta tayar da hankalin mutane a kusa da Dallas ta jihar Texas a Amurka a 1973, ta fito a bayan gidan wata mata, aka yi ta fesa mata abubuwa tana ƙara bazuwa, jaridu suka ɗauka har ana cewa daga wata duniya ta zo, sai da masana suka zo suka ce ku kwantar da hankalinku. To ka ga ba mu kaɗai ba ne.

Akwai kuma wani reshe na daban da in ban ambace shi ba na yi rabin zance, su ba sa narkewa su zama ƙatuwar ƙwaya ɗaya, kuma ido ba ya cika ganinsu. Wanda ya fi shahara shi ne Dictyostelium discoideum, wani Ba'amurke Kenneth Raper ya samo shi a ruɓaɓɓun ganyen daji a North Carolina ya bayyana shi a 1935. Muddin akwai bakteriya kowace amiba harkar gabanta take yi, ba ruwan kowa da kowa. Ranar da abinci ya ƙare sai wasu su fara sakin wani sinadari da ake kira cAMP, wanda aka gano aikinsa a nan a 1967 a ɗakin binciken John Bonner na jami'ar Princeton, duk wadda ta ji sai ta matsa wajen da ya fito ita ma ta saki nata don na bayanta su ji, kira yana tafiya kamar igiyar ruwa kusan duk minti 6, su kuma suna kwararowa layi-layi har su taru su kai 100,000. Taron nan sai ya miƙe ya zama wani abu kamar ƙaramin dodon koɗi mara kwanso, milimita 2 zuwa 4, mai kai da gindi, ya kama rarrafe yana bin haske da ɗumi har ya fito saman ƙasa. A can sai ya tsaya, kusan kashi 20 cikin ɗari waɗanda ke gaba su yi wa kansu bango mai tauri su mutu su zama kara, sauran kashi 80 su hau kan karan su zama iri su jira ƙwaro ko wani abu ya kwashe su zuwa inda ake da abinci. Duk wannan a cikin kamar awa 24.

Ka ga dai yunwa ta haɗa waɗanda ƙoshi ya raba. Sai dai ko a nan ma akwai 'yan cin bulus, don in zuriya biyu suka haɗu a taro ɗaya an ga wata tana zamewa daga aikin kara ta tura 'ya'yanta sama su zama iri, ta bar ɗayar da mutuwa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Joan Strassmann da David Queller ne suka nuna haka a 2000. Sannan a 2011 wata mai bincike Debra Brock ta gano kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ɗebo daga daji ba sa cinye abincinsu tas, suna rage bakteriya su tafi da ita a cikin irinsu, in sun sauka a wurin da ba abinci su zuba ta ta yaɗu su ci. Guzuri ne ko noma ne, kowa ya kira shi yadda ya ga dama.

To wane amfani suke yi? Bakteriya da fumfuna su ke ruɓar da ganye da icce, amma sinadaran da suka samu suna riƙe da su a jikinsu. In waɗannan mafarauta suka cinye su sai su fitar da rarar, musamman naitirojin, ta koma ƙasa a siffar da saiwa zata iya sha. Su ma kuma abincin wasu ne, akwai ƙananan ƙwari masu ɓawo da kusan ba su da wani abinci sai su, akwai dodon koɗi, har fumfuna ta gaskiya tana hawa kan 'ya'yansu ta ci, wanda ya ci wani shi ma a ci shi. Kuma ba sai daji mai duhu ba, ana samunsu a ɓawon itace mai rai, a kashin dabbobi masu cin ciyawa, a hamada a jikin ruɓaɓɓun tsirrai, akwai ma waɗanda ba sa fitowa sai a bakin dusar ƙanƙara lokacin da take narkewa a kan tsaunuka. A Japan har sarki Hirohito ya shagala da su, a 1929 wani masani Minakata Kumagusu ya kai masa samfuri 110 a cikin kwalayen alewa.

Roƙona ga masu karatu shi ne in kun gan ta a lambu ko gindin bishiya ko kan ciyawa kar a ɓata kuɗi a kan maganin feshi, ba ta cin tsiro mai rai, iyakarta in ta hau ganye ta tare masa rana na 'yan kwanaki, in ta dame ka ka kwashe da shebur ko ka bari ta bushe ka share, sai dai mai asma ya guji shaƙar ƙurar kamar kowace ƙura. Malaman makaranta kuma wallahi ga darasi kyauta. A ɓanɓaro ɗan ɓawon tsohuwar bishiya, a shimfiɗa takarda mai tsotse ruwa a cikin roba mai murfi, a ɗora ɓawon a zuba ruwa ya kwana, washegari a tsiyaye a rufe a ajiye a inuwa inda ba rana kai tsaye, a riƙa dubawa da madubin ƙara girma duk bayan kwana biyu ana ɗan yayyafa ruwa in takardar ta fara bushewa. Wani lokaci cikin mako ɗaya za a ga 'ya'yan sun fito, wani lokaci sai an yi wata, wani ɓawon ma ba zai ba da komai ba sai a canza bishiya. Nawa na uku ne ya yi, jijiya ce siririya fara ta bi gefen robar ta hau har murfi.

Sannan Malam Edita in da hali a tambaya mana masana harshe da ke karanta wannan jarida su samo mata suna, don fumfuna mai yauƙi ɗin nan ni dai bai kwanta min ba tunda ba fumfunar ba ce.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku a kullum